Kaset ɗari na Mamman Sani, da yaron da ke buga fiyano a bayan layinku

Ga rubutaccen shirin wannan makon, saboda 'yan uwa da suka ce data ba ta isarsu su saurari sauti. Na bar maganar kusan yadda na yi ta, na dai cire tari da "eh to" ɗin da suka yi yawa.

Makon jiya na yi alkawarin za mu ci gaba da maganar sana'o'in matasa. Ban saɓa ba, ta wata ƙofa ce dai zan shigo. Yau labarin wani makaɗi zan ba ku. Na san akwai wanda yanzu zai ce, to malam ɗan gwagwarmaya, ana fama da tsadar hatsi da rashin tsaro, kai kuma kiɗa ka gani? Ka yi haƙuri ka bi ni mu je. In ka ga ban dawo kan tuwo ba, ga wurin sharhi nan, ka yi mani tatas.

Watannin baya wani abokina da muka yi jami'a tare ya turo mani wani sauti a WhatsApp, bai rubuta komai ba sai "saurara". Na kunna. Kiɗa ya fara a hankali, wani ɗan tik-tik na inji yana tafiya a ƙasa, a sama kuma wani sauti mai kama da sarewa yana hawa yana sauka. Ina ta jiran mawaƙi ya shigo. Minti ɗaya, shiru. Minti biyu, shiru. Har abin ya ƙare ba wanda ya ce uffan. Na rubuta mashi na ce, ina waƙar? Ko an manta ba a ɗora murya ba? Ya ce ai shi ke nan, haka mai shi ya yi shi. Ya ce in canka daga wace ƙasa. Na ce Japan. Ya ce a'a. Na ce Jamus. Ya turo mani dariya, ya ce Yamai, 1978.

Ku riƙe mani tambayar nan tawa, "ina waƙar?", za mu dawo mata.

Sunan mutumin Mamman Sani Abdullahi, a rubutun 'yan Nijar Mammane Sani Abdoulaye. An haife shi a Accra ta ƙasar Gana a farkon shekarun 1950, mahaifinsa ɗan Nijar, mahaifiyarsa 'yar Gana, a Nijar kuma ya yi rayuwarsa. Ba gadon kiɗa ya yi ba. Ɗan boko ne daga gida mai rufin asiri, ya yi aiki da hukumar UNESCO, wadda ke kula da ilimi da al'adu a Majalisar Ɗinkin Duniya, aikin kuma ya riƙa kai shi ƙasashe. A wajen wani taron hukumar ne, cikin shekarun 1970, ya ga wani wakili daga Ruwanda ya zo da wata na'urar kiɗa ƙirar Italiya mai suna Orla. Mamman Sani ya yi ta bin mutumin har ya yarda ya sayar mashi. Ana cewa mai yiwuwa ita ce irinta ta farko da ta shiga Nijar.

Bari in tsaya kan na'urar nan kaɗan, don mu nan duk abin da ke da madannai farare da baƙaƙe fiyano muke ce mashi. Fiyano ta asali, waccan ƙatuwar ta katako, wayoyi ne miƙe a cikinta. In ka danna, wata 'yar guduma ce ke bugun wayar, sautin ya tashi, sannan ya riƙa mutuwa da kansa. Wadda Mamman Sani ya saya, Turawa ogan suke ce mata, ba waya ba guduma, lantarki ke haifar da sautin. Muddin yatsanka na kan madanni, sautin na nan bai yankewa. Wanda ya taɓa tsayawa Ƙofar Soro ranar hawan sallah ya ga mai algaita ya cika kumatu yana busa ba ya tsayawa shan iska, to ya san irin dogon sautin da nake nufi. Irin waɗannan na'urori kuma suna zuwa da ɗan injin ganga a jikinsu, ka danna ya riƙa ba ka kiɗan da aka riga aka tsara tun daga kamfani, kiɗan rawar Turawa, kiɗan faretin soja, da makamantansu. Wato an ƙera ta ne don dattijon Bature ya zauna a falonsa da yamma ya buga waƙoƙin garinsu.

Shi kuma da ya kawo ta Yamai sai ya sa ta yin wani yare. Ya ɗauko waƙoƙin gargajiyar Nijar ya riƙa zuba mata. Kiɗan tende na Buzaye, wanda ake yi da turmi an ɗaure bakinsa da fatar akuya. Waƙoƙin Wodaɓe, waɗanda maza ke jeruwa muryoyi na hawa kan juna. Waƙoƙin makiyaya a bayan dabbobi. Ya kuma tsara nasa na kansa, ciki har da wani mai suna Salamatu, wanda ya yi saboda wata da ya so abin bai yiwu ba. Ku lura, kiɗan soyayya ne sukutum, amma babu "rabin raina" ko ɗaya a ciki, don babu baki ma gaba ɗaya.

A 1978, zamanin mulkin Seyni Kountché, ya ɗauki na'urarsa ya shiga ɗakin ɗaukar sauti na gidan rediyon ƙasa. Hawa biyu aka yi. Ya buga na farko aka naɗa, aka kunna mashi yana ji, ya buga na biyu a kai. Masu sutudiyo da ke saurarena, ku auna wannan. Ba kwamfuta, ba yanka ka liƙa, ba "koma baya ka gyara wancan wurin". In yatsa ya zame a minti na huɗu, ko dai ku sake daga farko ko a bar shi haka har abada. Da haɗin gwiwar ma'aikatar al'adu aka shirya fitar da shi a kaset, cikin wani tsari na nuna kiɗan zamani na Nijar. Tsarin bai tafi yadda aka so ba. Ana cewa kaset ɗin da aka buga ba su wuce ɗari ba.

Ɗari fa. Yau ɗan sakandare in ya sa hoto bai samu mutum ɗari sun danna mashi ba, gogewa yake yi.

Amma ga abin mamakin. Kaset bai yaɗu ba, kiɗan kuwa ya shiga kowane gida. Rediyo da talabijin na Nijar suka mayar da shi abin cike giɓi. An gama labarai ana jiran shiri na gaba, shi ne. Mai gabatarwa na magana ana son wani abu mai sanyi a bayan muryarsa, shi ne. Sama da shekara talatin ana haka. Irin sautin nan kuwa kun san ba a tsayawa a ce ga wanda ya yi shi, ana kunnawa ne a wuce. Yaro ya tashi da shi a kunne tun yana goye, ya girma, ya yi aure, ya haifi nasa, kiɗan na nan. Daga nan Katsina zuwa Maraɗi, ta Jibiya da Ɗan Isa, bai cika kilomita ɗari ba, kuma iskar rediyo ba ta tsayawa a shingen kwastan. Ba zan yi mamaki ba in cikin iyayenmu da ke murɗa akwati su kamo Nijar akwai waɗanda za su ji shi yau su ce, kai, na san wannan.

Sai wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, mutumin Portland, mai kamfanin faifai na Sahel Sounds, wanda ke yawo a Mali da Muritaniya da Nijar yana neman kiɗa. Ya shiga wata ma'ajiyar tsofaffin kaset a Yamai, ya jawo ɗaya daga kan kanta, ya ga hoton wani saurayi da hannuwansa kan madannai. Ya saurara. Neman mai shi bai ba shi wahala ba, mutumin na nan cikin gari. A 2013 aka sake fitar da aikin a faifai da intanet da sunan La Musique Électronique du Niger, wato kiɗan lantarki na Nijar. Shekara 35 ke nan bayan naɗa shi. Aka shiga buɗe sauran abin da ya adana. A 2014 aka fitar da Taaritt, wanda ya naɗa tun cikin shekarun 1980 a Nijar da Faransa da sababbin na'urori bai taɓa fita ba. A 2015 aka fitar da wasu kaset nasa na tsakanin 1981 da 1984. Aka gayyace shi Turai ya yi wasa gaban yaran da ba a haife su ba lokacin da ya shiga gidan rediyo da Orla ɗinsa.

Masu rubutu kan kiɗa a can suka sa shi cikin waɗanda Faransawa ke kira avant-garde, wato 'yan sahun gaba, masu fasa hanya kafin jama'a su iso. Ni gaskiya ina dariyar wannan suna wani lokaci. Mutumin da tsohuwa a Zinder ke jin kiɗansa tana tankaɗe, shi ne kuma a Berlin ake zama a yi tsit ana kaɗa kai ana cewa ya yi zurfi. Kuma kada in yaudare ku. Ba kowa zai ji daɗinsa ba. Kiɗa ne mai maimaici, mai tafiyar raƙumi, wani wurin sai ka ji kamar ba abin da ke faruwa. Na kunna wa ƙanena, bai kai minti ɗaya ba ya ce, Yaya wannan ai kiɗan jiran layin asibiti ne. Ni ma sai da na saurara sau uku huɗu, da dare, an ɗauke wuta, sannan ya zauna mani. Wuraren da ya bari ba komai, shirun da ke tsakanin sauti da sauti, nan daɗin yake.

To mu koma kan tambayata, ina waƙar? Na daɗe ina tunanin me ya sa na yi ta. Mu a wurinmu waƙa magana ce. In aka ce Shata, abin da ya faɗa muke tunawa. In aka ce Ɗan Maraya Jos, hikimar bakinsa muke kawowa kafin kuntiginsa. Kiɗa kamar tabarma ne da ake shimfiɗa wa magana ta zauna. Amma in ka duba da kyau, kiɗa ba baki ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Kalangu magana yake yi. Mai kalangu zai matse tsarkiya ya saki, ya kira taken mutum, mai taken ya ji daga nesa tsigar jikinsa ta tashi, alhali ba wanda ya buɗe baki. Harshenmu na hawa da sauka ne, ganga na iya bin sawunsa. Ina jin abin da Mamman Sani ya yi ke nan da waƙoƙin gargajiyar can. Wanda ya san waƙar, in ya ji na'urar na bin karinta, kalmomin za su taso mashi a zuci da kansu. Bature yana jin sararin samaniya, Bafillatanin daji yana jin waƙar kakarsa. Kowa da abin da ya ɗauka, kuma ba wanda ya yi ƙarya.

Kada kuma wani ya ce maku kiɗan lantarki kayan Turawa ne muka aro jiya. A 1944 wani ɗan Masar, Halim El-Dabh, ya ari na'urar naɗar sauti a birnin Alƙahira, ya naɗo muryoyin mata a wajen bikin zar, wanda ya yi kama da borinmu, ya shiga ɗaki ya jujjuya sautin har ya zama wani abu dabam. Shekara huɗu ke nan kafin Pierre Schaeffer ya yi irin wannan a Faris, wanda littattafai suka daɗe suna cewa shi ya fara. Akwai Francis Bebey na Kamaru, shi ma tsohon ma'aikacin UNESCO. Akwai William Onyeabor a nan Inugu, wanda ya gina sutudiyonsa da wurin buga faifansa, shi ma a 2013 wani kamfanin Amurka ya tattara ayyukansa duniya ta ruɗe, ya rasu a 2017. Kun ga yadda labarin ke maimaita kansa? A yi abu a nan, ya kwanta shekara talatin, wani ya zo daga can ya kaɗe ƙurar.

Ba zagin Baturen nake yi ba fa. Ya shiga rana, ya shaƙi ƙura, ya nemo mai kaya, da saninsa aka fitar. Abin da ke cina shi ne, kantar da kaset ɗin nan yake kai ba a kulle take cikin ƙasa ba. Ɗalibai nawa suka wuce ta wurin? Mu nawa ne ke zuwa Maraɗi da Yamai sayayya da biki? Kuma kada mu nuna Nijar da yatsa, gara su ma, sun ajiye kaset ɗin har aka zo aka same shi. Mu fa?

Nan na dawo gida, nan kuma maganar tuwo ta shigo.

Duk waƙar fim ɗin Hausa da kuka tashi da ita, duk waƙar biki, duk waƙar siyasa da ake zagaya gari da ita a bayan mota, da yawan waƙoƙin yabon Manzon Allah na zamani, in ka cire murya, me ya rage? Wani yaro ne zaune gaban fiyanon Yamaha ko kwamfuta, cikin ɗan shago da aka liƙe bangonsa da soso, janareta na kuka a waje. Tun ƙarshen shekarun 1990 da sutudiyoyin Kano suka rungumi fiyano, ita ke riƙe da harkar nan. Har makaɗin ƙetare ya san da mu. Mdou Moctar, Buzun nan mai jita da yanzu ke zagaya duniya, kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato ya naɗe shi a 2008, da irin na'urar gyaran muryar da mawaƙan fim ɗinmu ke amfani da ita. Kamfanin nan da ya fitar da Mamman Sani, a 2013 ɗin dai, ya fitar da tarin waƙoƙin fim ɗin Hausa da sunan Harafin So. Wato sautin da wasunmu ke rainawa suna cewa nanaye, akwai inda ake sayensa a faifai a ajiye.

To yanzu in tambaye ku. Waƙar da ta fi burge ku bara, wa ya yi kiɗanta? Na san wani zai ce ai mawaƙa na ambaton mai kiɗa a farko ko a ƙarshen waƙa. Gaskiya ne, wasu na yi, Allah ya saka masu. Amma ambato ba yarjejeniya ba ne. Yadda na ga ana yi a nan garin, mawaƙi zai zo ya biya kuɗin zama sau ɗaya, a kwana ana aiki, ya tura waƙarsa a waya ya tafi. In waƙar ta mutu, shi ke nan. In ta tashi, aka sa ta a YouTube, aka kira shi biki, ɗan siyasa ya ba shi mota, mai kiɗa sai dai ya ji labari a majalisa. Shi ya zauna ya ƙirƙiro karin da ya sa kuke rawa, amma an sallame shi kamar wanda ya yi faci.

Ina da aboki a nan cikin gari, ba zan faɗi sunansa ba don bai ba ni izini ba. Kusan shekara bakwai yana wannan aiki. In ba kowa a shagon, yakan zauna ya yi nasa kiɗan na kansa, wanda ba mawaƙin da ya sa shi. Ya taɓa zuwa ƙauyensu ya naɗo sautin mata suna daka da luguden taɓarya, ya zo ya ɗora wasu sautuka a kai. Wallahi ranar da ya kunna mani sai da na tashi zaune. Na ce ka fitar da wannan mana. Ya ce wa zai saurara, ba waƙa a kai? Tambayata ce dai ta dawo mani ta bakinsa. Bara aka kawo wuta da ƙarfi, kwamfutar ta ƙone, ma'ajiyar cikinta ta tafi. Ya kai wa masu gyara har Kano, ba abin da aka ciro. Waƙoƙin da ya yi wa mutane suna nan a wayoyinsu. Nasa na kansa, wanda bai taɓa ba kowa ba, ko ɗaya bai tsira ba. Mamman Sani ya samu kaset ɗari da kanta guda. Abokina bai samu ko ɗaya ba, a zamanin da muke cika baki cewa komai na intanet.

Ga misali kuma na wanda ya saki nasa. A Yamai akwai wani matashi da ake kira Hama, wanda ya yi aikin direba, yana kiɗan fiyano ba murya, yana ɗauko karin waƙoƙin Buzaye yana mayar da su na lantarki. Kiɗansa ya yi ta yawo daga waya zuwa waya ta Bluetooth da memori, mutane na ji ba su ma san wane ne ba. Daga baya aka gano shi, aka fitar mashi da Torodi a 2015, da Houmeissa a 2019. Abin da ya cece shi, kayan sun fita daga ɗakinsa. Da ya ce wa zai saurara, da yanzu ba mu san shi ba.

Don haka ga abin da nake roƙo, kuma ba gwamnati nake roƙo ba yau, ku huta.

Masu kiɗa, dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, wadda aka sabunta aka sa wa hannu a 2023, ba ta ce sai mai murya ne kaɗai ke da haƙƙi ba. Wanda ya tsara kiɗa shi ma mai ƙirƙira ne, kuma haƙƙin na samuwa ne da zarar an naɗi aikin, ba sai ka je wani ofis ba. Inda ake cin ku shi ne ba a rubuta komai. Kafin a fara aiki, ku yi magana a fili: kuɗin nan na zama ne kawai, ko na sayar maka da kiɗan ɗungurungum? In waƙar ta kawo kuɗi a intanet, ina da kaso ko babu? Ku rubuta, ko a takardar littafin makaranta ce, kowa ya sa hannu, a samu shaidu. Na san za a ce ai mu 'yan uwa ne, rubutu kamar rashin yarda ne. To ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, cikin Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka, kuma ga Musulmi 'yan uwan juna aka saukar da ita. Sannan don Allah kowane aiki ya zauna wuri biyu ko uku. Ɗaya a kwamfuta, ɗaya a memori a gida, ɗaya ka tura wa kanka a imel. Ka sa sunanka da shekara a jikin fayil ɗin, ba "sabon kiɗa 2" ba.

Mawaƙa da masu ɗora waƙa a shafuka, layi ɗaya ne. Kiɗa: wane. Bai rage maku komai ba.

Na san akwai masu saurarena da ke ganin kiɗa gaba ɗaya bai halatta ba. Malamai sun yi magana a kai, ni ba malami ba ne, ba kuma zan buɗe wannan babin a nan ba. Wanda ya bar kiɗa don Allah, ina girmama shi. Amma wanda zai yi rawa da kiɗan yaro a bikin ƙanwarsa, ya sa shi a motar kamfen, sannan in yaron ya zo neman aure a ce ba a ba makaɗi, ko in ya nemi haƙƙinsa a ce ai roƙo ne, wannan ba tsoron Allah ba ne, cin gumin mutum ne.

Akwai kuma laifinku, masu fiyano, ba zan ɓoye ba. Kiɗanku ya yi kama da juna da yawa. Sauti ɗaya, gudu ɗaya, sarewar Indiya ɗaya, in aka cire murya ba mai iya bambance waƙar bara da ta bana. Na san dalili, abin da mai biya ya ce shi ake yi. Amma na'urar da ke gabanku ta ninka ta Mamman Sani sau ɗari. Wayar da ke aljihunku ma ta fi gidan rediyon da ya shiga a 1978 kayan aiki. Shi da injin gangar da aka tsara don rawar Turawa ya nemo tende. Ku kuna zaune a garin da ke da kalangu, da kotso, da gurmi, da garaya, da kiɗan ƙwarya, da shantu, da tambarin sarki, da waƙoƙin daɓe da na niƙa da tsofaffinmu ke mutuwa da su ɗaya bayan ɗaya. In an rufe shago, ku ba kanku awa ɗaya ku yi wanda ba wanda ya saya. Ku fitar da shi ko mutum goma ne za su ji.

Muna da shaidar cewa adanawa na yiwuwa a nan. Shata ya rasu a 1999. Yau in kana son tarihinsa akwai littafin Shata Ikon Allah, wanda Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka rubuta, cikinsu har da namu Dokta Aliyu Ibrahim Ƙanƙara, da ya daɗe yana bin sawun waƙoƙin. Mutane ne suka zauna, suka bi ƙauyuka, suka tambayi tsofaffi. Ba daga Amurka suka zo ba. Amma ko a nan, cikinku wa zai iya kawo mani sunan mutum biyu cikin masu kalangun da ke bayan Shata? Ni kaina sai da na je na duba.

To ga aikin da na ba mu. Duk wanda ya san mai kiɗa a jihar nan, na fiyano ko na gargajiya, a Katsina, Daura, Funtuwa, Dutsin-ma, Malumfashi, ko'ina, ya nemi izininsa, in ya yarda ya turo mana sunan da yake aiki da shi da kiɗa ɗaya nasa wanda ba murya a kai. Kada a sa lambar wayar kowa a fili, a turo ta saƙon sirri. In muka samu ko goma ne, zan ware shiri guda mu kunna su ɗaya bayan ɗaya, a faɗi sunan kowa kafin kiɗansa da bayansa. Wanda kuma ke da tsofaffin kaset na mahaifinsa a cikin kwali, kada a ba yara su warware zaren suna wasa, ku yi mani magana, akwai mai na'urar da zai juye mana su.

Kafin nan, ku shiga YouTube ku rubuta Mamman Sani, ku nemi Salamatu. Ku ba shi minti biyar ba tare da kun taɓa waya ba. In akwai dattijo a gidan da ya taɓa zama Nijar ko yake kama rediyonsu, ku kunna mashi, ku rubuto mani abin da ya ce. Abokin nan nawa ya samu kwamfuta ta hannu, ya ce in an yi girbi zai koma ƙauye ya sake naɗo luguden. Na ce mashi wannan karon ni zan riƙe kwafi ɗaya.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.